Lami da shafin ƙarshe na littafin awo

Ɓeraye ne suka sa na nemi kyanwa. Shagona na ɗinki yana jikin gidanmu a unguwar Zango ta Damagaram, ba nisa da kasuwar Dole, kuma bango ɗaya ne tsakanina da wani mai sayar da hatsi. Da kaka ta yi aka jibge masa buhunan sabon gero da wake, sai ɓeraye suka mayar da shagona hanyar wucewa. A mako guda sun huda mini shadda biyu na mutane, ɗaya ma ta ango ce, sai da na biya daga aljihuna. Na yi niyyar zuba maganin ɓera, Inna ta hana. Ta ce gidan da yake da yara masu rarrafe da kaji ba ya wasa da guba, in nemo mage kawai kamar yadda iyayenmu suka yi.

Ranar wata Alhamis, ranar babbar kasuwar Damagaram, wani abokin cinikina da ke zuwa daga Mirya ya kawo mini ita cikin kwalin sabulu. Ƴar mitsitsiya ce, ruwan toka da ratsin baƙi a ƙafafu da wutsiya, kunnuwan sun fi kan girma. Ɗiyata ta fari, wadda lokacin take aji uku a lakwal, ta leƙa kwalin ta ce, "Baba, tunda yau Alhamis ce, sunanta Lami." Inna ta yi dariya ta ce Allah ya sa ta zama irin kyanwar Lami ga mutanen gida, ba cizo ba yakushi, amma ga ɓeraye kada ta yi sanya. Sunan ya bi ta.

Makonni biyun farko na yi mata abin da na ga ana yi. Da safe in dama mata madarar gari a murfin gwangwani, da dare a ɗebo mata tuwo da miya. Duk sanda na ɗauke ta na ɗora a cinya sai ta fara wannan gurnanin nasu mai kama da ƙarar keken ɗinki daga nesa. Inna takan ce tasbihi take yi. Ni kuwa na riƙe gurnanin a matsayin shaida: dabbar da ke wannan sauti ai ba abin da ke damunta. Cikinta ya yi tulu, na ce ƙoshi ne. Gashinta ya tashi tsaye, ya dushe kamar tsohon bargo, na ce ƙurar shago ce. Ta daina bin zaren da ke reto daga teburin yanka, na ce ta fara hankali. Ko wata farar yana da ta fara leƙowa daga kusurwar idanunta ta wajen hanci, na gan ta, ban ba ta muhimmanci ba. Kowace alama na samo mata fassara mai daɗi, saboda kunnena yana jin gurnani.

Ran da abin ya fito fili, na buɗe shago ban gan ta ba. Yaron shagona ne ya gano ta can ƙasan buhun ƙyallaye, ta dunƙule, kanta a sunkuye ƙasa da kafaɗunta. Da na ɗago ta, ba ta da nauyi ko kaɗan, kunnuwanta da sanyi, bayanta ya ɓaci da zawo. Kuma tana gurnani, har ya fi na kullum ƙarfi. Nan ne jikina ya yi sanyi, don na gane abin da na dogara da shi ba ya nufin abin da na zata.

Uwargida, da kyakkyawar niyya, ta ce a ɓallo kwatar ƙwayar farasitamol a jiƙa a ɗura mata, tunda haka ake yi wa yaro mai zazzaɓi. Wani mai tallar magani da ke wucewa ya duba ta ya ce ƙuma ce, ya miƙo mini ƙaramar kwalba ta maganin kaska na shanu, ya ce in ɗiga cikin ruwa in yi mata wanka. Har na karɓa. Yaron shagona ne ya ce, "Maigida, don Allah a dakata. Akwai likitan da ke duba ragunan babana, mu kai ta ya gani." Na naɗe ta a guntun atamfa, muka hau kabu-kabu.

Likitan dattijo ne, yawancin aikinsa tumaki da shanu da dawakin hawan salla. Bai yi mamakin ganin kyanwa ba, bai kuma yi mini kallon wanda ya rasa aikin yi ba, abin da na ji tsoro ke nan a hanya. Ya shimfiɗa buhu a kan tebur ya ajiye ta. Abin da ya yi a mintoci goma na gaba shi na yi ta maimaitawa har yau, don haka zan faɗe shi dalla-dalla.

Ya fara ɗaga leɓenta na sama da babban yatsa. "Malam tela, matso ka gani. Dasashin mai lafiya ruwan hoda ne, da danshi. Wannan fa?" Fari ne fat kamar alawayyo, kuma da ya taɓa sai yatsan ya ɗan manne. Ya ce farin ƙarancin jini ne, manne-mannen kuma ƙarancin ruwa. Ya tsunkule fatar da ke tsakanin kafaɗunta ya ja sama ya saki. Maimakon ta koma nan take, sai ta tsaya kamar an kafa ƙaramar bukka, ta sauka a hankali. Daga nan ya yago farar takarda ya yayyafa mata ruwa, ya goge bayan kyanwar da yatsunsa a kanta. Wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono suka zubo. Muna kallo suka narke suka koma ja. Ya ce kashin ƙuma ne, jan da nake gani kuwa jinin Lami ne da suka sha. Ya matsa cikin nan da nake kira ƙoshi, ya ce tsutsa ce, yawancin ƴaƴan kyanwa suna samunta tun daga nonon uwa. Ya duba haƙora ya ce duk na nono ne, ba ta kai wata uku ba. Ya sa ma'aunin zafi, ya nuna ƙasa da 38. Ya ce na mai lafiya tsakanin 38 ne da 39 da ɗan ɗoriya, ya fi na mutum zafi, saboda haka kyanwar da ka ji jikinta da sanyi ta fi mai ɗumi ban tsoro. Farar yanar idon nan ma ya yi mini bayaninta: fatar ido ce ta uku da Allah ya yi musu, ba a ganinta sosai sai in jiki ya raunana ko barci ya kama su.

Na ce, "To Likita, gurnanin fa? Ko yanzu tana yi." Ya ce, "Kyanwa tana yi in tana jin daɗi, tana yi in tana naƙuda, na ga wadda ke yi tana gab da mutuwa. Wani lokaci lallashin kanta take." Da na fito da kwalbar maganin kaskar da zancen farasitamol, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni sosai. Ya ce hantar kyanwa ba ta iya narkar da farasitamol kamar tamu, ƙwaya ɗaya tana iya kashe babba balle wannan. Da yawa daga cikin magungunan kaska da ƙuma na shanu da karnuka kuma, musamman masu sinadarin fametirin, suna sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Har yau in na tuna kwalbar nan ta shiga aljihuna, gabana yana faɗuwa.

Ya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ya ba ta maganin tsutsa gwargwadon nauyinta, ya ce a maimaita bayan mako biyu. Ƙumar kuma ya ce a bi ta da mataji mai ƙananan haƙora kullum, a wanke shimfiɗarta da ruwan zafi a shanya a rana, har ta yi ƙarfin da za a sa mata maganin da aka yi don kyanwa. Ya hana madara, ya ce yawancinsu da an yaye su cikinsu ba ya narkar da ita, zawo take kawowa. Ya hana miya saboda albasa da tafarnuwa, masu fasa musu ƙwayoyin jini. Da zan tafi ya tambaye ni ko ina yanka yadi ban auna mutum ba. Na ce a'a. Ya ce to in ta warke in auna ta tana lafiya, in rubuta, don ranar da ta sauya in san daga ina ta sauya. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, inji shi, domin a dawa wadda ta nuna rauni ita ake fara ci.

Da na dawo na ɗauko littafin da nake rubuta awon mutane, kafaɗa da hannu da tsawon riga, na buɗe shafin ƙarshe na rubuta sunanta a sama.

Nauyi na fara da shi. Maƙwabcina mai hatsi yana da ƙaramin sikeli na rataye, sai in sa ta a jakar leda mai hannu in rataya, kanta a waje tana kallona. Awon farko giram 600. Likitan ya ce ƴar kyanwa mai lafiya tana ƙara wajen giram 100 a mako. Makon farko ba ta ƙara komai ba, na kwana da damuwa. Na biyu ta ƙara 80, na uku 120. Kowace Juma'a kafin in tafi masallaci nake yin awon, don kada in manta.

Abinci ya ɗan ba ni wahala, ba don tsada ba, don sauya tunani. Mun saba ɗaukar kyanwa a matsayin mai cin ragowa, alhali ita maciyar nama ce zalla. Akwai wani sinadari da ake kira taurin, a nama ake samunsa, jikinta ba ya iya haɗa isasshe da kansa, in ta rasa shi tsawon lokaci ido yana mutuwa, zuciya tana lalacewa. Tuwo ba ya ba ta shi ko ta ci tukunya guda. Na yi magana da wani mahauci a kasuwa, kullum da hantsi yana tara mini ƴan guntaye, zuciya da huhu da abin da aka share daga jikin ƙashi, da kuɗi kaɗan. In tafasa ba gishiri ba yaji. Hanta sau ɗaya a mako kawai, don yawanta ma illa ne. Wani lokaci busasshen kifi da aka jiƙa aka cire ƙaya, wani lokaci dafaffen ƙwai. Kilishi kuwa, duk da yadda take miƙewa tsaye in ta ji ƙamshinsa, ba ta samu, saboda yaji da gishiri da albasar da ke cikin labunsa. Ƙashin kaza dafaffe ma na hana yara jefa mata, yana tsagewa kamar allura.

Ruwa a garin nan kowa ya san labarinsa. Akwai watannin da famfo yake kwana da kwanaki bai ɗiga ba, sai jarkar ƴan ga-ruwa. Amma abin da kyanwa ke buƙata bai taka kara ya karya ba: wajen mililita 50 ga kowane kilo na nauyinta a yini, har da wanda ke cikin abinci. Ga babba, ƙananan kofunan shayi biyu zuwa uku ke nan. Matsalar ita ce ba su da yawan jin ƙishi, asalinsu dabbobin busasshiyar ƙasa ne, daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya suka fito. Na lura Lami ba ta son kwanon ruwan da ke kusa da abincinta. Inda take so shi ne gindin randa, da wurin da nake alwala. Ran da na fara ganin ta sa baki a ruwan da na zuba a kwano don alwala, na yi jim. Inna ta tuna mini cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, kuma sahabi Abu Ƙatada ya taɓa karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha. Tun ranar na ajiye mata ƙaramin kasko a gindin randar, ina sauya ruwan safe da yamma.

Abin da mutane ba sa son a ambata, shi ya fi komai faɗa mini gaskiya, wato kashinta. Na yanke tsohuwar jarka na cika da yashi na ajiye a lungun bayan gida. Ba wanda ya koya mata, da kanta ta shiga ta tona ta rufe. Kowace safiya in zan kwashe sai in duba. Na mai lafiya a dunƙule yake, ruwan ƙasa mai duhu, sau ɗaya ko biyu a yini. Bayan maganin farko na ga tsutsotsi dogaye kamar taliya, na gode Allah da suka fita. Daga baya, da ta fara kama ɓera da ƙadangare, na ga wasu ƴan farare kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta. Likita ya ce wata irin tsutsa ce daban, ta hanyar ƙuma da ɓera take shiga, kuma kyanwa mai farauta tana son magani duk wata uku. Da ta cika wata uku aka yi mata allurar rigakafin haukan kare. Wannan ban ɗauke ta da wasa ba, don gidan cike yake da yara, ciwon kuma in ya bayyana a jikin mutum ba ya da magani.

Ƙirga numfashi shi ne abin da na fi jin daɗinsa. Sai ta yi barci sosai, ba lokacin da take gurnani ba, in ajiye waya kusa, in zuba wa haƙarƙarinta ido. Tashi da sauka ɗaya ke nan. In ƙirga na daƙiƙa 30 in ninka biyu. Mai lafiya in tana barci ba ta cika wuce 30 a minti ba. Na Lami, da ta girma, ya zauna tsakanin 22 da 26. Aiki ne na rabin minti, amma yana tilasta wa mutum ya tsaya ya kalli dabbar da kyau, kuma a irin wannan tsayawar na fara ganin abubuwan da ba a rubutawa da lamba.

Na farkonsu lasar jiki. Kwana tara bayan zuwanmu wurin likita, ina guga, sai na ga ta zauna a bakin ƙofa inda hasken hantsi ke faɗowa. Ta ɗaga dagin gaba ta lashe shi sau uku, ta shafa bayan kunne zuwa kumatu, ta sake lasa, ta sake shafawa. Ta juya ta bi gefen cikinta da harshe, ta kama wutsiya da hannu biyu ta tsefe ta har ƙarshe. Na ajiye dutsen guga na kira uwargida ta zo ta gani. A duk kwanakin ciwon ba ta yi haka ko sau ɗaya ba, ni kuma ban lura da rashinsa ba sai da ya dawo. Cikin mako biyu gashin ya kwanta, ya fara sheƙi kamar shaddar da ta sha bugu. Yanzu in aka tambaye ni alama ɗaya da za a fara dubawa, gashi nake cewa, ba gurnani ba.

Sai wasa ya dawo. Igiyar awona ta zama abokiyar gabarta, ta laɓe bayan ƙafar keke, ta karkaɗa ƙugu, ta daka tsalle. Sai wutsiya. In na buɗe ƙofar shago da safe takan taho da wutsiya a miƙe sama, ƙarshenta ya ɗan lanƙwasa kamar sandar makiyayi, ta goga kumatunta a ƙafata. Gaisuwa ce, kuma da kumatun nan take shafa mini ƙamshinta, tana sa ni cikin nata. In kuwa wutsiyar tana bugun ƙasa da sauri, wannan ba murna ba ce irin ta kare, haushi ne, a ƙyale ta. Ɗana ƙarami ya sha yakushi sau biyu kafin ya yarda. Haka in ta kwanta rigingine ta buɗe ciki, ta amince da wurin ne, ba gayyatar hannu ba ce. Ita Lami ta yarda a sosa mata haɓa da bayan kunne, ciki kuwa a'a.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na daɗe ina zaton ban da kyanwa, don fuskarta kullum kamar ɗaya take. Ƙanena da ke karatu a jami'ar nan ta Damagaram ne ya nuna mini a wayarsa cewa a 2019 likitocin dabbobi na jami'ar Montreal a Kanada sun fitar da ma'aunin gane ciwo daga fuskar kyanwa, da abubuwa biyar: kunne, ido, baki, gashin baki, da yadda ta riƙe kai. Mai jin daɗi kunnuwanta suna fuskantar gaba, idanu a sake, gashin baki ya ɗan lanƙwaso ƙasa, kai a sama da kafaɗa. Mai ciwo kunnuwa sun baje gefe, idanu a tsuke, baki a ɗaure, gashin baki ya miƙe, kai ya sauka. Da na ga hotunan sai ranar buhun ƙyallaye ta dawo mini. Duka biyar ɗin suna fuskarta a ranar, ina riƙe da ita a hannu.

Shi ne kuma ya gaya mini wani bincike na jami'ar Sussex a Ingila, na 2020, kan lumshe ido. In ka dubi kyanwa ka lumshe ido a hankali ka buɗe, takan mayar maka, kuma ta fi sakin jiki ta matso. Na gwada da dare bayan yara sun kwanta, tana kan tarin yadi ina kan benci. Sau biyu ba ta kula ba. Na uku sai ta runtse idanun nan a hankali, ta riƙe, ta buɗe rabi, ta ɗauke kai. Ban san me ke ranta ba, amma na san dabbar da ke tsoro ba ta rufe ido a gaban abin da take tsoro.

Da hunturu ya shigo ta koma kwana kusa da inda nake ajiye dutsen guga, ta dunƙule ta rufe hanci da wutsiya. Ƙura takan sa ta atishawa, amma idanu da hanci a bushe, cin abinci bai ragu ba, sai ban damu ba. Likita ya riga ya gaya mini abin da zai sa in zo da gudu: majina mai kauri, ido mai kwantsa, ko ƙin abinci yini guda cur, don kyanwa in ta kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba hantarta tana iya taɓuwa. Barcinta ma na daina ɗaukarsa lalaci. Awa 12 zuwa 16 a yini al'adarsu ce, aikinsu da asuba ne da magariba. A lokacin kuwa shaddar kowa ba ta sake hujewa ba.

A watan Maris na sake yin kuskure, amma ta ɗaya gefen. Dare ɗaya ta fara wani irin kuka mai tsawo, tana birgima a ƙasa, tana ɗaga ƙugu, tana ja da ciki. Na ce shi ke nan, ta ci ɓeran da ya sha guba a wani gida, don hakan yana kashe su. Na ɗauko fitila na bi shafina ɗaya bayan ɗaya. Dasashi ruwan hoda. Fata ta koma nan take. Ta cinye abincinta tas, yashinta lafiya lau. Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya ta dube ta, ta ce, "Kai dai je ka kwanta. Miji take nema." Washegari na kira likita ya tabbatar, ya ce daga wata biyar zuwa tara suke farawa. Bayan kwana biyu ta ɓace, ta dawo da safe da ƙaiƙayi a gashi.

Cikin ya zo daidai da bazara, lokacin da zafin Damagaram ke haura 40 kuma duwatsun Birni suna huci har bayan isha'i. Wata ranar Afrilu da azahar, an ɗauke wuta, shagon kwano ya zama tanda, na same ta a kwance baki buɗe tana haki kamar kare. Na ƙirga numfashin, ya wuce 60. Wannan karon ban nemi fassara mai daɗi ba. Kyanwa ba ta haki haka kawai, gumin ma ta tafin ƙafa kaɗai take ɗan yi. Na ɗauke ta na kai gindin randa inda ƙasa ke da danshi, na jiƙa ƙyalle da ruwan randar, ba na ƙanƙara ba, na shafa mata a ƙafafu da ciki da kunnuwa, ɗiyata tana yi mata fifita. Cikin minti goma ta rufe baki, bayan rabin awa ta sha ruwa. Na kira likita duk da haka, ya ce da hakin ya ci gaba sai in kawo ta ko da tsakar rana ce. Daga ranar, da hantsi ya yi nake buɗe mata ƙofar cikin gida, ba ta sake yini a shago ba har ruwa ya sauka.

Ta haihu a watan Mayu, kwana 64 bayan daren da ta ɓace, a cikin buhun ƙyallayen nan dai da ta taɓa ɓuya tana ciwo. Uku ta haifa. Ta yi gurnani tun daga farkon naƙuda har ƙarshe, kamar yadda likita ya faɗa, ta ci gaba da yi suna shan nono, tana lashe su ɗaya bayan ɗaya. Sauti ɗaya ne a kunnena, amma da na duba fuskar na ga sanda kunnuwan suka dawo gaba. Ƴaƴan sun buɗe ido a kwana na takwas da na tara. Ban bari an raba su da ita ba sai da suka cika mako takwas, ko da yake masu so sun yi ta aike.

Namijin cikinsu maƙwabcina mai hatsi ya ɗauka. Na yago takarda daga littafin awo na rubuta masa nauyinsa na ranar, da ranar da aka ba shi maganin tsutsa, da ranar da ya kamata a kai shi allura. Na ƙara masa abu ɗaya da ya shafi maza: in ya gan shi yana yawan tsugunawa a yashi yana yunƙuri fitsari bai fito ba, kada ya jira gari ya waye, mafitsara ce ta toshe, kwana ɗaya ko biyu tana kisa. Ya karanta ya ninke ya sa a aljihu, ya ce, "Malam, duk wannan don mage?" Na ce masa ya tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni wane mahauci ne ke tara mini guntayen.

Juma'ar da ta wuce na rataya Lami a sikelinsa, kilo 3 da giram 400, ta mayar da abin da shayarwa ta ci. Dasashi ruwan hoda, numfashi 24. Shafin ƙarshe ya cika tun tuni, na koma wanda ke kafinsa, yanzu saura shafi shida tsakanin awonta da awon wani alhaji mai babbar riga. Da na gama rubutawa ta hau teburin yanka ta zauna a kan yadin da nake shirin shatawa, ta tattake shi da dagi ɗaya bayan ɗaya kamar mai cuɗa ƙullu, ta kwanta ta naɗe ƙafafun gaba a ƙarƙashin ƙirji. Na ɗauko wani ɗinkin na fara, na bar mata wannan sai bayan la'asar.